Darakta da Akwatin Walƙiya

A layinmu idan ka ce Darakta, ko akuya ta san wanda kake nufi. Gajeren dattijo ne mai tumbi, kullum da biro uku a aljihun gaba, ko da shara ya fito zubarwa. Shekara ashirin da bakwai ya yi a ofishin hasashen yanayi kafin ya yi ritaya, kuma tun ranar da ya dawo gida ya zauna babu wanda ya ƙara duban sama cikin kwanciyar hankali. Ka ɗaga kai ka ce yau kamar za a yi ruwa, sai ka ji muryarsa a ƙeyarka.

"Wa ya gaya maka? Wannan gajimaren wucewa zai yi. Na san irinsa, mun sha haɗuwa a wurin aiki."

Ranar kuwa sai an kwashe ruwa da bokiti daga ɗakuna. Washegari ya ce ba laifinsa ba ne, iska ce ta canza shawara. Takamaiman aikin da ya yi a ofishin babu wanda ya sani. Shi dai ya ce babu takardar da ta taɓa shiga wurin babban shugaba ba ta bi ta hannunsa ba. Daga nan mai aski ya laƙaba masa Darakta, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Daminar bara tsawa ta faɗa kan babbar bishiyar filin makarantar da ke bayan layinmu, ta tsaga ta biyu. Allah ya kiyaye, 'yan ƙwallo ba su daɗe da tashi daga gindinta ba. Hankalin kowa ya tashi. Ciyaman na ƙungiyar unguwa ya yi ta zarya har ofishin ya yarda zai ba mu wata na'ura da ke jin walƙiya tun tana nesa, ta yi jiniya mutane su nemi mafaka.

Ranar wata Litinin direba ya sauke kwali a ƙofar Ciyaman. Ya ce Injiniya za ta zo ranar Asabar ta kafa, kafin nan kada kowa ya buɗe.

Motar ba ta gama shan kwana ba Darakta ya iso.

"Asabar?" in ji shi. "Idan tsawa ta zo Laraba fa? Za ku ce mata ta jira Asabar?"

"An ce kada a buɗe," in ji Ciyaman.

"Ku aka ce wa. Injiniyoyin nan a gabana suka shigo ofis, ko ƙofar banɗaki ba su sani ba sai da na nuna musu. Ku ba ni kwana biyar. Kafin ta zo na mayar da layin nan tashar yanayi. Unguwanni za su riƙa aiko da wakilai suna tambaya ko su yi shanya."

Ya zaro biro ɗaya ya farke kwalin. A ciki akwai wani farin akwati kamar girman burodi, da 'yar fuska mai nuna lamba, da jiniya a gefe, da ƙaramin farantin sola, da littafin bayani mai kauri. Darakta ya juya littafin, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya miƙa wa mai aski.

"Ƙafar bencinka na rawa, saka mata wannan."

"Ba za ka karanta ba?"

"Kai kana karanta littafi kafin ka yi aski?"

Aka tara jama'a da yamma. Darakta ya hau kan bulo ya yi doka: da an ji jiniya kowa ya saki abin da yake yi ya shige ɗaki. Kada a fake gindin bishiya, kada a tsaya a fili, na kan rufi ya sauko. Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma kowa ya gyaɗa kai. Saura wurin kafawa. Mai aski ya ce ai a filin makaranta ya kamata, can sama. Darakta ya sa aka jingina tsani a bangon shagon mai walda, wai yana son ya fara gwada iskar layi. Ya hau mataki na farko, na biyu, na uku. Ya dubi ƙasa. Ya ƙanƙame tsanin da hannu biyu.

"Nan ne daidai," in ji shi. "Na ji iskar."

Aka buga ƙusa aka rataye akwatin daidai saman ƙofar mai walda.

Talata da hantsi sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Mai walda ya fito da wata ƙofar ƙarfe da aka ba shi aiki, ya sa baƙin gilashinsa, ya ɗora wuta. Tartsatsi na tashi, jiniya ta tsage da kuka.

Layi ya kacame. Mata suka yi kan igiyar shanya, kowacce ta kwaso nata da na maƙwabciya. Kafinta da ke gyaran rufin Ciyaman ya sulalo ta jikin bututu ya bar rabin wandonsa a kan ƙusa. Wani magidanci da ake yi wa aski ya miƙe da ƙyalle a wuya, rabin kai a aske, ya shige shagon mai magani ya ja ƙofa. Shi kansa mai walda ya yar da kayan aiki ya faɗa shago. Yana sakin wutar, jiniya ta yi tsit.

Darakta ya fito daga ƙarƙashin rumfa yana gyara riga.

"Ta wuce," in ji shi. "Kun ga amfanin ilimi. Da yanzu wani zance ake yi."

Mai aski ya leƙo ya dubi sama. "Darakta, rana ce fa ƙwal."

"Ita ce mafi haɗari. Walƙiyar ɓoye ake ce mata. Ido ba ya ganinta, sai na'ura. Duba lambar, kilomita ɗaya! A bakin layi take tsaye."

Kowa ya koma bakin aikinsa yana waiwaye. Mai walda ya ɗauki abinsa ya ɗora wuta. Jiniya ta sake tsagewa. Ya yar, ya ruga, ta yi shiru. Kafin azahar sau shida aka yi haka. Kafinta ya ce shi ya fasa, rufin ya zauna a buɗe. Magidancin nan kuwa sau uku yana zama a kujera, sau uku yana tashi, har ya ce a bar masa kansa haka, zai sa hula.

Mai walda ya zo gaban Darakta yana haki. "Ni fa an sa mini hannu. Duk sanda na kama aiki sai walƙiya ta taso. Ƙofa ɗaya tun safe, ko hinji ban ɗaura ba."

Mai aski ya ajiye almakashi a hankali. "Maimaita abin da ka ce."

"Na ce duk sanda na kama aiki..."

"Ɗora wutar mu gani."

"Ka haukace? Ta kashe ni?"

"Ɗora dai, ni zan tsaya kusa da kai."

Ya ɗora, jiniya ta yi kuka. Ya ɗauke, ta yi shiru. Ya ɗora, ta yi. Ya ɗauke, ta daina. Mai aski ya sa shi ya yi sauri-sauri, sai ga jiniya tana bin sa kamar ana kiɗa. Jama'a suka fara fitowa daga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, duk ido a kan Darakta.

Darakta ya yi gyaran murya. "Abin da nake zargi ke nan tun jiya. Bawan Allah, jikinka na jan tsawa. Ka gode wa Allah da aka gano da wuri."

"Jikina? Shekara ashirin ina walda!"

"Shi ya sa. Ta taru."

Sai da Ciyaman ya shiga tsakani. Aka sauke akwatin, Darakta ya rungume shi ya nufi gida, yana cewa na'ura mai daraja ba ta zama cikin jahilai.

Matarsa, wadda duk layi ke kira Inna Tela, tana da keken ɗinki mai lantarki a gindin tagar falo. A ƙarfen wannan tagar Darakta ya ɗaure akwatin ranar Laraba da safe, ya jawo kujera ya zauna yana kallonsa da biro a hannu. Inna Tela ta shimfiɗa rigar makarantar wata maƙwabciya, ta taka keke. Jiniya ta fashe a kunnenta. Ta zabura, allura ta bi ta kan aljihu ta ɗinke shi da hannun riga.

"Malam, mene ne wannan?"

"Kwanta! Kwanta ƙasa!" Shi ya riga ya kwanta, kansa a ƙarƙashin tebur.

"A cikin ɗaki nake, ina kuma zan shiga? Cikin katifa?"

Ta saki keke, abin ya yi shiru. Ta dubi keken, ta dubi akwatin, ta dubi ƙafafun mijinta da suka leƙo daga ƙarƙashin tebur. Ta taka kaɗan. Jiniya ta ce wiii. Ta ɗauke ƙafa.

"Fito, Malam. Ni ce walƙiyar."

Ya fito yana karkaɗe gwiwa. "Kina yawan gaisawa da mai walda. Abin yana yaɗuwa."

A ranar na'urar ta gano walƙiya a firji, ta gano a injin markaɗe na gidan baya, ta gano a babur ɗin mai kawo burodi. Da farko maƙwabta na gudu. Zuwa la'asar ko kaza ba ta ɗaga kai. Jiniya na kuka, mata na ci gaba da shanya, wata ta ɗaga murya ta katanga: "Inna Tela, a rage gudun keke, jaririna na barci!"

Da yamma Ciyaman ya zo, fuska a ɗaure.

"Darakta, ka lalata mana abu. An kawo shi don idan ya yi kuka a gudu, yanzu idan ya yi kuka dariya ake yi. Asabar Injiniya za ta zo, na gayyaci shugaban makaranta da mutanen unguwanni uku. Mayar da shi kwali."

"Kwalin na ba mai aski ya tara gashi."

"To ka san yadda za ka yi. Idan ya ƙara kukan ƙarya sau ɗaya, a gaban jama'a zan faɗi wanda ya buɗe."

Alhamis Darakta ya wuni yana zagaya tsakar gida, hannu a baya. Can idonsa ya faɗa kan babbar tukunyar ƙarfe ta Inna Tela, wadda take dafa shinkafar baƙi a ciki, an wanke an kife. Ya jira ta tafi kasuwa. Ya kwance farantin sola ya ajiye, ya sa akwatin cikin tukunya, ya rufe murfi, ya ɗaure da waya tamau. Ya ɗauka a ka ya nufi shagon mai walda.

"Ɗora wutarka."

Mai walda ya ɗora. Shiru. Ya matso da ita har tartsatsi na sauka a murfi. Shiru. Aka kira mai babur ya tayar, ya murɗa har hayaƙi ya cika layi. Ko tari tukunya ba ta yi ba.

Darakta ya buɗe hannuwa. "Garkuwa ke nan. Ƙirƙirata ce. Ƙaramar walƙiya ta talakawa ba ta shiga, sai ta gaske."

"Ta gasken ta ina za ta shiga?" in ji mai aski.

"Ta san hanya."

"Idan ta yi kuka a cikin tukunya za mu ji?"

"Ka taɓa sa kai a tukunya ka yi magana? Ninki biyu za ka ji."

Aka kai filin makaranta. Akwai dogon sandan ƙarfe na tuta mai igiya, Darakta ya ɗaura tukunyar ya ja ta har ƙoli, ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Alhamis ta wuce lafiya. Juma'a ta wuce lafiya. Mai walda ya gama ƙofarsa, kafinta ya rufe rufi, har Ciyaman ya fara sakin fuska. Inna Tela kaɗai ke bin gidaje tana tambayar wa ya ari tukunyarta.

Asabar da la'asar fili ya cika. An jera kujeru, an kafa rumfa, an kawo lasifika. Injiniya ta yi waya ta ce tana hanya. Darakta ya ce kafin ta iso bari ya ɗan share fage, ya karɓi makirfo. Ya fara daga shekarar da ya shiga ofis.

Yana shekara ta tara iska ta juya. Gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin. Ledoji suka fara tashi, rumfa ta fara kaɗawa. Mutane suka soma gyara zama suna duban sama.

Mai aski ya ɗaga hannu. "Darakta, dubi bayanka."

Darakta ya waiwaya, ya dawo da murmushi. "Jama'a, ga misali ya kawo kansa. Da can idan kuka ga haka sai ku watse. Yanzu fa? Kun ji jiniya?"

"A'a."

"To babu walƙiya. Wannan hadarin fanko ne, na san irinsa."

Can nesa wani haske ya gifta, aka ji rugugi ƙasa-ƙasa.

"Wannan fa?" in ji mai walda.

"Tirela ce a kan gada."

Daidai nan wata farar mota ta shigo filin da sauri. Wata mata mai tabarau ta fito, waya a hannu, tana tafiya kamar za ta kifa. Ita ce Injiniya. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ciyaman, me mutane suke yi a fili? Ofis ya turo mini saƙo, hadari mai tsawa ya nufo nan. Ina na'urar? Ko a kwali ne mu kai ta aji in kunna."

Ciyaman ya nuna Darakta. Ta juya, sai fuskarta ta washe.

"Lah, Baba masinja! Ashe a nan kake? Wallahi tun da ka tafi fayil ba ya isa ofishin shugaba a kan lokaci."

Makirfo na hannunsa, kusa da bakinta. Lasifika ta kai maganar har bakin titi. Sai wani daga baya ya ce, "Masinja?"

Darakta ya janye makirfo. "Sunan wasa ne na ofis. 'Yata, sannu da hanya."

"Baba, ina na'urar?"

Ya ɗaga yatsa sama. Ta bi yatsan da kallo har ƙolin sandan tuta, inda tukunya ke lilo a iska. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

Daga layin kujerun mata aka ji ihu. "Tukunyata!" Inna Tela ce ta miƙe tsaye. "Kwana biyu ina zargin bayin Allah!"

"A sauko da ita yanzu-yanzu," in ji Injiniya.

Mai walda ya saki igiya, tukunya ta sauko, ya datse wayar ya ɗaga murfi. Murfin bai gama rabuwa da bakin tukunya ba jiniya ta tsage da wani irin kuka, kamar ta kwana biyu tana riƙe da shi. A fuskar akwatin lamba takwas ce ke ƙiftawa.

Babu wanda ya motsa. Mutum ɗari biyu suka juya gaba ɗaya suka dubi mai walda.

Ya ɗaga hannuwansa biyu sama, wayam. "Wallahi ba ni ba ne!"

Suka juya ga Inna Tela.

"Kekena na gida!"

Injiniya ta fizge makirfo. "Wannan ta gaske ce! Kilomita takwas, kuma matsowa take yi. Kowa ya shiga aji, a bar kujeru!"

Sama ta tsage da wata tsawa da ta girgiza tagogin makaranta. Nan fa aka ga gudu. Mai aski ya ɗauki wata tsohuwa cak, Ciyaman ya riƙe hula da hannu ɗaya, Injiniya ta rungumi akwati, Inna Tela ta rungumi tukunya. Darakta kuwa, mai tumbi, mai shekara sittin da ɗoriya, ya tsallake kujera biyu a jere, ya wuce 'yan ƙwallo, ya riga kowa shiga aji. Da aka shigo a bayan allo aka same shi.

Ruwa ya ɓarke. Ba a yi minti goma ba wani farin haske ya cika tagogi, ƙara ta biyo shi a tare, har ƙasa ta motsa. Da aka leƙa, igiyar sandan tuta na ci da wuta a cikin ruwa, kujerun da ke gindinsa sun watse, biyu sun narke. Wurin da Darakta ya tsaya yana jawabi ke nan.

Ciyaman ya ƙirga mutane da ido, kowa na nan. Sai wata mata ta fara dariya, ta kasa tsayawa, dariyar ta bi aji kamar gobara.

Da dariya ta lafa, Injiniya ta ɗora akwatin a tebur ta yi bayani a taƙaice. Ta ce duk walƙiya tana sakin wani motsi a iska, irin ƙarar da kan shiga rediyo idan hadari ya taso, shi na'urar ke saurare. Walda da injin lantarki su ma suna sakin irinsa, shi ya sa ba a kafa ta kusa da su. Ƙarfe kuwa idan ya rufe ta ruf, ta kurmance.

"Duk yana shafi na biyu na littafin," in ji ta. "Ina littafin?"

"Yana aiki," in ji mai aski.

Darakta ya fito daga bayan allo, alli ya yi masa fari a kafaɗa. Ya gyara birukansa.

"Jama'a, yanzu zan iya faɗa muku gaskiya. Gwaji nake yi. Walda, mun tabbatar. Keken ɗinki, mun tabbatar. Tukunya, mun tabbatar. Kuma kun ga yadda na nuna muku hanyar aji. Wa ya kai ni sauri?"

"Babu," in ji mai walda. "Ni shaida ne, ta kaina ka bi."

Washegari Injiniya ta dawo da ma'aikata biyu. Suka kafa na'urar a kan rufin makaranta, nesa da kowane inji, farantin sola kuma suka sa shi ƙasa-ƙasa a jikin bango inda hannu ke kaiwa. Ta ce tana buƙatar mutum ɗaya da zai riƙa goge farantin kowace safiya, don ƙura na hana shi caji. Ta dubi Darakta, wanda ya tsaya can gefe shi kaɗai, ta ce a ofis dai shekara ashirin da bakwai bai taɓa makara ba. Ciyaman ya ce to, amma faranti kaɗai, kada ya taɓa akwati ko da ido.

Litinin da sassafe Darakta ya fito da sabuwar riga, ya tsaya a tsakiyar layi inda kowa zai ji.

"Ofis ya naɗa ni shugaban tasha," in ji shi. "Daga yau duk mai magana da ni ya nemi izini."

Taga ta buɗe a bayansa. Inna Tela ta miƙo hannu.

"Ranka ya daɗe, shugaban tasha, ka manta tsummanka."